Inshorar gidan waya a Koriya zamanin mulkin Japan: wa ya rubuta doka, wa ya riƙe kuɗi?

Ranar 1 ga Oktoba 1929 gidajen waya a Koriya suka fara sayar da wani abu sabo. Ban da kan sarki da aika kuɗi da ajiya, yanzu mutum zai iya tsayawa gaban kanta ya ce a rubuta masa takardar inshorar rai. Babu likitan da zai duba shi. Zai riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, ranar da ta Allah ta kasance a miƙa wa iyalinsa kuɗi a dunƙule. Mai wannan alkawari kuwa gwamnati ce da kanta, wadda Japan ta girka a birnin Seoul tun da ta haɗiye ƙasar a watan Agusta 1910.

Na daɗe ina juya dokar wannan inshora a raina, domin ba irin wadda ake yanke wa hukunci a tsaye ba ce. Duk wanda ya bi sharuɗɗanta ɗaya bayan ɗaya zai tarar kusan kowanne yana da hujja, wasu ma akwai tausayin talaka a cikinsu. Duk da haka, shekara 16 da farawa, miliyoyin mutane suka wayi gari riƙe da takardun da babu mai biyansu yadda ya kamata. Abin da nake son bi diddigi shi ne ta ina ruwa ya shiga ɗakin.

Asalin tunanin daga Ingila yake. A 1864 Gladstone, lokacin yana riƙe da ma'aikatar kuɗi, ya sa majalisa ta amince gidan waya ya riƙa sayar wa masu ƙaramin ƙarfi inshorar rai. Abin da ya dame shi shi ne kamfanoni da ƙungiyoyin da ke wannan harka suna cinye kaso mai tsoka na zubin talaka wajen biyan wakilai, wasu kuma suna durƙushewa da kuɗin jama'a. Sai dai shirin bai yi kasuwa ba. Gidan waya ya zauna jiran mutane su kawo kansu, alhali kamfani irin Prudential yana tura wakili ƙofa-ƙofa duk mako yana karɓar kwabo-kwabo. Leburan da ya tashi aiki a gajiye ba zai je ya bi layi don biyan abin da shi kansa ba zai gani da idonsa ba. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin Ingila ta daina sayarwa.

Japan ta lura da inda Ingila ta yi tuntuɓe. Da ta kafa nata tsarin a Oktoba 1916, wanda ake taƙaita sunansa da Kampo, wato inshorar rai mai sauƙi, sai ta tura ma'aikatan gidan waya gida-gida, su yi talla, su kuma dawo karɓar zubi duk wata. Sannan ta rufe ƙofa: doka ta hana kamfanoni masu zaman kansu sayar da irin wannan ƙaramar inshora da ba a duba lafiya. Fagen ya zama na gwamnati ita kaɗai. Wannan tsari ne aka kai tsibirin Taiwan a 1927, aka kuma zana wa Koriya irinsa a 1929, da bambanci guda mai muhimmanci. Na Koriya an ba shi dokarsa daban da asusunsa daban, ƙarƙashin sashen sadarwa na ofishin Gwamna-Janar, wakilin Japan da ke mulkin ƙasar. Wannan bambanci da ake gani kamar maganar akawu ne kawai, shi ne ya zama ƙashin kifi a wuya bayan 1945.

Sharaɗi na farko da ya kamata a fahimta shi ne iyakar kuɗi. A Japan an fara da yen 250 a matsayin mafi yawan abin da za a rubuta a kan rai ɗaya, aka ɗaga zuwa 450 a 1926, kuma da wannan adadi Koriya ta fara. Dalili biyu ne suka haɗu. Kamfanoni sun yi ta kukan gwamnati za ta ƙwace musu kasuwa, sai aka raba gona: manyan takardu na attajirai da manyan ma'aikata su zauna hannun kamfani, ƙanana su koma gidan waya. Dalili na biyu na lissafi ne. Duk inda aka ce ba a duba lafiya, wanda ya san tarin fuka na cin ƙirjinsa shi zai riga kowa zuwa. In babu iyaka, zai yanki takarda mai nauyi, ya zuba wata uku ya rasu, asusun ya ɗauki asarar, masu lafiyar da suka shiga da gaskiya su biya. Iyaka tana rage girman wannan rami.

Iyaka kaɗai ba ta isa ba, shi ya sa aka ƙara lokacin jira. Wanda ya rasu a farkon shigarsa ba a biyan magadansa cikakken adadin da ke kan takarda. In mutuwar ta zo da wuri ƙwarai, abin da ya zuba kawai za a mayar. In ta ɗan jinkirta, a ba da wani kaso. Sai an tsallake wa'adin ne alkawari ke cika. An keɓe mutuwar haɗari da ta wasu cututtukan annoba da doka ta ambata, domin babu wanda ke sanin zai faɗa kogi ko kwalara za ta shigo unguwarsu. A ganina wannan sharaɗi na adalci ne. Shi ne ya maye gurbin likita, kuma ba don shi ba da manomin da ke tafiyar yini guda kafin ya ga asibiti bai samu shiga ba sam.

An kuma ƙayyade shekaru, daga 12 zuwa 60. Na sama a bayyane yake. Na ƙasa kuwa saboda mutuwar ƙananan yara ta yi yawa a wancan zamani, ga kuma tsohon tsoron da aka gada daga Turai na kada kuɗin mutuwar yaro ya zama fitina ga iyayen da talauci ya kai maƙura. Sai a 1931 Japan ta buɗe wani reshe na musamman don yara. Takardun iri biyu ne: wadda sai an mutu ake biya, da wadda ke da wa'adi, in mutum ya kai lokacin da rai ya karɓi kuɗinsa da hannunsa, in ya riga mu gidan gaskiya magada su karɓa. Ta biyun ta fi kama da ajiya, kuma ita ce ta fi tara wa asusu kuɗi.

Akwai kuma kariyar da ko a yau za a yaba. Mai bin bashi ba shi da ikon sa kotu ta riƙe kuɗin inshorar, abin da ke da girma a ƙasar da manoma ke nutse cikin bashin masu gonaki da masu ba da rance da ruwa. Wanda ya daɗe yana zubi zai iya karɓar rance a kan takardarsa. Wanda zubinsa ya yanke yana da damar farfaɗo da takardar cikin wani lokaci. Hukumar ta buɗe wuraren ba da shawarar lafiya ga masu takarda, a Japan tun 1922, daga baya a wasu biranen Koriya. Har motsa jikin safe da ake yi da rediyo a Japan, wanda ya faro a 1928 kuma ake yi har gobe, hukumar wannan inshora ce ta ƙirƙiro shi, domin duk shekarar da mai takarda ya ƙara a duniya riba ce ga asusu.

To ina ɓarakar take? Tana wurin da aka rubuta dokar. A Japan majalisa ce ta yi muhawara, kamfanoni suka yi ƙorafi, jaridu suka yi sharhi, kuma daga 1925 kowane namiji da ya kai shekara 25 yana da ƙuri'a. A Koriya Gwamna-Janar ne ke fitar da umarni mai ƙarfin doka da amincewar sarkin Japan. An fitar da umarnin wannan inshora a zamanin Gwamna-Janar Yamanashi Hanzo, aka fara aiki da shi bayan Saito Makoto ya dawo kujerar a watan Agusta 1929. Dukansu manyan hafsoshin soja ne, kamar duk waɗanda suka riƙe wannan muƙami. Dokar asusun kuwa majalisar Tokyo ce ta zartar, majalisar da babu mazaɓa ko ɗaya daga zirin Koriya a cikinta. Ɗan Koriya da ke zaune a Osaka yana iya kaɗa ƙuri'a, ɗan'uwansa da ke gida yana zubi duk wata ba shi da ita.

Saboda haka hannu ɗaya ya haɗa ayyukan da ya kamata a raba. Shi ya rubuta sharuɗɗa, shi ya sa farashi, shi ya yi talla, shi ya riƙe kuɗi, shi ya zaɓi inda za a juya su, kuma in saɓani ya taso, kwamitin da shi ya naɗa ne zai fara sauraron kuka. A ƙasar da ke mulkin kanta ma wannan abin sa ido ne, amma can akwai ɗan majalisa da zai tashi ya yi tambaya, akwai zaɓe da ke zuwa. A ƙasar mallaka babu wanda ke bayan ƙofa yana jiran amsa.

Mu ɗauki farashi. Kuɗin zubi ba a ƙirƙirarsa da ka. Ana fitar da shi ne daga jadawalin mace-mace, wato lissafin da ke nuna cikin mutum dubu masu shekara kaza, nawa ake sa ran za su rasu a shekara. In aka ɗauka mutane na mutuwa da wuri fiye da gaskiya, zubi zai yi tsada, rarar ta zauna a asusu. In aka ɗauka akasin haka, asusu zai karye. Ƙidayar jama'a ta zamani ta farko a Koriya an yi ta ne a 1925, kuma taƙaitacciya ce. Wadda aka shirya yi a 1920 an fasa ta bayan boren neman 'yanci na 1 ga Maris 1919. Cikakkiyar ƙidaya sai 1930, bayan an riga an fara sayar da takardu. Ke nan an sa farashi a kan bayanai marasa kauri, kuma mai sa farashin ne kaɗai ke riƙe da bayanan. Akwai kamfanin inshorar rai na 'yan ƙasa, wanda Han Sang-ryong ya kafa a 1921, amma doka ta hana shi shiga wannan fage, don haka babu wani farashi na biyu da mai saye zai gwada da shi.

Ƙidayar 1930 ɗin ta nuna wani abu kuma: kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen ƙasar ba sa iya karatu, ko da harshensu ko da Japananci. Duk sharuɗɗan nan da na yaba, lokacin jira, wa'adin farfaɗo da takarda, haƙƙin rance, a rubuce suke. Abin da ya isa kunnen manomi shi ne abin da mai talla ya faɗa masa a bakin ƙofa, mai tallan kuma yana sanye da kayan gwamnati, ana kuma auna ƙwazonsa da yawan sunayen da ya rubuta.

Sharaɗin da na fi ganin ya cuci talaka shi ne wanda ya fi kama da sauƙi: zubi duk wata. An auna shi ne da rayuwar mai albashi, ma'aikacin masana'anta a Osaka ko akawu a Tokyo. Mafi yawan mutanen Koriya a lokacin manoma ne, kuma wajen rabin gidajen manoma ba su da gonar kansu ko taki ɗaya. Suna noma gonar wani su ba shi kusan rabin amfanin. Kuɗi na shigo musu sau ɗaya, da kaka. Suna da wani lokaci da suke kira tudun sha'ir, ƙarshen bazararsu, lokacin da shinkafar bara ta ƙare sha'ir kuma bai nuna ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san wannan lokaci, namu yana zuwa ne tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa gero bai fitar da kai ba. A irin wannan wata ne mai karɓar zubi zai yi sallama. Ga kuma rashin dacewar lokaci: a watan da aka fara shirin ne kasuwar hannayen jari ta Amurka ta rushe, a 1930 farashin shinkafa ya faɗi warwas. Mutumin da ke tunanin abin da yaransa za su ci da dare, ƙwai a baka ya fi masa kaza a akurki.

Abin da ke faruwa in zubi ya yanke da wuri sananne ne a duk inda aka yi irin wannan ƙaramar inshora. Zubin farko-farko yana tafiya ne wajen ɗawainiyar rubuta takarda da ladan mai talla da kariyar watannin da suka wuce. Wanda ya tsaya kafin takardarsa ta yi ƙwari, abin da zai dawo masa kaɗan ne ko babu. Ta fuskar lissafi ba za a ce an sace masa ba. Ta fuskar gida kuwa, kuɗin da ya hana kansa ya tafi, kuma wanda ya fi kowa talauci shi ya fi kowa yiwuwar tsayawa a hanya. Da masu takarda na da murya, abu na farko da za su nema shi ne a daidaita zubi da kaka.

Ba wai mutanen ba su da nasu tsarin ba ne. Koriya tana da tsohuwar al'adar da ake kira kye, wadda ta yi kama da adashi, har akwai irin da ake yi musamman don ɗaukar nauyin jana'izar iyaye, domin binne mahaifi da mutunci babban wajibi ne a wurinsu. Rauninta a fili yake: in annoba ta faɗa wa ƙauye, kowa na nema babu mai bayarwa, kuma uwar adashi na iya gudu. Inshora ta fi ta a nan, don tana baza haɗari a kan miliyoyin mutane. Amma a kye ka san wanda ke riƙe da kuɗi, ka san gidansu, in ya ci amana akwai dattawan da za a kai shi gabansu. Na san masu karatu da yawa suna da ja a kan inshora ta fuskar addini, kuma wannan fage ne na malamai. Sai dai tambayar wa ke riƙe da asusu, wa kuma ke iya tuhumarsa, tana nan ko da sunan tsarin takaful ne ko fansho.

Yana da amfani a ɗan leƙa Indiya, don a ga cewa ba duk mai mulkin mallaka ne ya bi hanya ɗaya ba. Turawan Ingila sun kafa inshorar gidan waya can ranar 1 ga Fabrairu 1884, ga ma'aikatan gidan waya kaɗai, iyakarta rupi 4,000. A 1888 aka shigar da ma'aikatan tangarahu, a 1894 aka buɗe wa mata ma'aikata, lokacin da kamfanoni ba sa karɓar mata. Mai takarda ma'aikacin gwamnati ne, ana cire zubi daga albashi, don haka matsalar yankewa ba ta da yawa. Manufar ita ce a ɗaure ma'aikaci da aikinsa a kuma rage iyalan da ke zuwa roƙo in maigida ya rasu. Manomin Indiya ba ya cikin lissafi ko kaɗan, sai 1995 aka buɗe reshen karkara. Sharaɗin wa zai shiga shi ne ke tona manufa. Ingila a Indiya ma'aikata take nema, Japan a Koriya kuwa ta buɗe ƙofa ga kowa domin ƙananan kuɗin jama'a take son tattarawa wuri ɗaya.

Kuma tattarawar ita ce zuciyar maganar. Inshorar rai tana karɓa yau ta biya bayan shekara ashirin ko talatin, a tsakani kuwa tana zaune a kan tulin kuɗi. A shekarun farko an ba da wani ɓangare rance ga masu takarda da kuma ƙananan hukumomi a cikin Koriya don ayyukan jama'a, kuma da wannan ake talla: kuɗinku yana yi muku aiki a gida. Wani ɓangaren kuwa yana tafiya sashen ajiya na ma'aikatar kuɗi a Tokyo, inda kuɗin ajiyar gidan waya ma ke taruwa, wurin da babban aikinsa shi ne sayen takardun bashin gwamnati.

Da yaƙi da ƙasar Sin ya ɓarke a Yuli 1937, ma'aunin ya karkata gaba ɗaya. Daga 1938 hukuma ta riƙa sa adadin kuɗin da dole a tara a matsayin ajiya kowace shekara, a raba wa larduna, larduna su raba wa gundumomi, har ya sauko kan ƙungiyoyin da aka kafa na gidaje kusan goma-goma da aka sa wa suna rukunin kishin ƙasa. Ta hannun waɗannan rukunai ake rabon kayan masarufi, don haka ƙin bin abin da shugaban rukuni ya kawo ba ƙaramin abu ba ne. A 1941 aka yi dokar ƙungiyoyin ajiya ta ƙasa. Iyakar nan da aka sa don kare asusu daga marasa lafiya ta fara hawa: a Japan yen 700 a 1938, 1,000 a 1942, 2,000 a 1944, Koriya ma ta bi sahu. A takarda shiga da son rai ne har ƙarshe. Babu buƙatar a sauya wannan layi, tunda mai talla, mai unguwa da ɗan sanda duk ubangida ɗaya suke yi wa aiki. Zuwa 1945 takardun da aka yanka sun haura miliyan goma, a ƙasar da mutanenta ke wajen miliyan 25. Ba na jin akwai mai gaskata cewa ƙaunar inshora ce ta kai adadin nan a shekarun da ake ƙwace shinkafa da tasoshin tagulla daga gidaje.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: masu takarda a Japan kanta ma sun yi asara, domin hauhawar farashi bayan yaƙi ta cinye darajar kuɗin kowa. Amma gwamnatin da ta yi musu alkawari tana nan, gidan wayar yana nan, littattafan suna nan, kuma an ci gaba da hulɗa da su a matsayin 'yan ƙasa. A Koriya mai alkawarin ne ya naɗe tabarmarsa ya hau jirgi. Ofishin Gwamna-Janar ya daina wanzuwa. Aka raba ƙasar biyu, sojan Amurka a kudu, na Tarayyar Sobiyet a arewa, sannan yaƙin 1950 zuwa 1953 ya bi ta kan gidaje da ofisoshi da takardu.

A nan ne asusun daban ɗin nan ya nuna illarsa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski, amma wa ya ci ladan? Ta wata fuska gwamnatin Japan ce, tunda wani ɓangare na kuɗin yana Tokyo. Ta wata fuskar hukumar da ke Seoul ce, wadda ma'aikatar sadarwa ta sabuwar Koriya ta Kudu ta gaji gidajen wayarta ta kuma ci gaba da tafiyar da inshorar da sabon suna. Da aka zauna teburin sulhu da Japan, cikin jerin buƙatu takwas da Koriya ta Kudu ta gabatar a 1952 akwai kuɗin ajiyar gidan waya da na wannan inshora. An yi shekara 14 ana kai ruwa rana. Ranar 22 ga Yuni 1965 aka sa hannu: Japan za ta ba da dala miliyan 300 kyauta da miliyan 200 rance cikin shekara goma, kuma duk wata da'awa tsakanin ƙasashen biyu da mutanensu ta ƙare ƙurmus. Gwamnatin shugaban Koriya ta Kudu Park Chung-hee ta zuba kaso mai yawa a manyan ayyuka irin masana'antar ƙarfe ta Pohang da madatsar ruwa ta Soyang.

Ga ɗaiɗaikun mutane kuwa, an yi dokar kai rahoton da'awa a 1971 da ta biyan diyya a 1974, aka biya won 30, kuɗin Koriya ta Kudu, a kan kowace yen ɗaya tsakanin 1975 da 1977. Masu takardun inshorar ofishin Gwamna-Janar ba su shiga cikin waɗanda aka biya a wannan zagaye ba. Abin da ya rage musu shi ne adadin da ke rubuce a fuskar takarda, shi kuwa canjin kuɗi ya riga ya gama da shi. A 1953 an mayar da won 100 ta zama hwan ɗaya, a 1962 aka mayar da hwan 10 ta zama sabuwar won ɗaya. Takarda mafi girma da mutum zai iya yanka a 1929, ta yen 450, wato tsohuwar won 450, ta koma ƙasa da rabin sabuwar won.

A Taiwan, inda tsarin Japan ne kai tsaye ya yi aiki ba tare da asusu daban ba, bashin ya ci gaba da zama a wuyan Tokyo a sarari. An ɗauki shekara 50, amma daga Oktoba 1995 zuwa Maris 2000 Japan ta karɓi buƙatu ta biya ninki 120 na adadin asali, adadin da mutanen Taiwan da yawa suka ce bai kama ƙafar abin da hauhawar farashi ta ci ba. A Koriya ta Kudu an miƙa inshorar gidan waya ga ƙungiyar haɗin kan manoma ta ƙasa a 1977, gidan waya ya dawo cikin harkar a 1983. A shekarun 2000 'ya'ya da jikokin masu takardun zamanin mallaka sun fito da su daga akwatunan iyayensu, suka kai kuka majalisar dokoki a Seoul suna neman a binciki adadinsu a biya su.